Baƙin Gilashi a Motar Kawu

Shekara talatin da ɗaya Kawuna ya yi yana tuƙa motocin mutane, kuma a iya sanina bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Direban ofis ne. Ya tuƙa shugabanni bakwai, kowa da halinsa: akwai mai zagi, akwai mai barci da zarar an tayar da mota, akwai wanda zai aike shi makarantar yara da kasuwa da gidan surukai a rana ɗaya, sannan ya tambaye shi inda mai ya tafi. Duk amsarsu ɗaya ce a wurin Kawu: "To, ranka ya daɗe." Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, takan ce in ka roƙi yayanta takalmin ƙafarsa, sai ya tambaye ka ko a goge maka tukuna.

Ni ban gado shi ba. A gidansa na tashi tun ina shekara shida, don shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba, amma bakina ba na gidan ba ne, in ji shi. Shi ya laƙaba mini Lauya, alhali a kantin magani nake aiki, ban taɓa taka ƙofar kotu ba.

Matarsa kuwa kowa Malama yake ce mata, har shi. Shekara ashirin da takwas ta yi tana koyar da aji ɗaya a firamaren unguwarmu. Telan bakin titi, da mai faci, da matar da ke sayar da lemo a kwana, da rabin direbobin tasha, duk ita ta kama musu hannu suka rubuta harafin farko, kuma duk sun sha rankwashinta. A gidan ita ce mai cewa a'a. In an cuci Kawu a kasuwa, shi dai ya kawo kayan gida yana murmushi, ita kuma ta yafa gyale ta mayar da su.

Shekara uku da suka wuce, wata safiya tana guga, ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Idonta na dama ma ba ya rufuwa sosai, likita ya ja mana kunne kada iska ko ƙura su riƙa bugunsa. Matar da muryarta ke kaiwa aji shida daga aji ɗaya ta koma sai nuni da hannun hagu. Na yi kuka a lokacin har na gaji.

Kawu bai yi kuka a gabanmu ba. Ya riga ya yi ritaya, sai kawai ya sake ɗaukar aiki, wannan karon a ɗakin matarsa. Ya koyi juya ta, ya koyi ɗiga mata maganin ido, ya koyi yadda ake ba ta shayi ba tare da ta ƙware ba. Sannan ya ƙirƙiro abin da ya riƙe ta a duniya: kullum bayan la'asar sai ya ɗauke ta cak, ya zaunar da ita a bayan tsohuwar motarsa, ya tura kujerar gaba don ƙafarta ta miƙe, ya tare ta da matasai biyu, ya ɗage gilashi saboda idon, su zagaya unguwa a hankali kamar masu neman gidan haya.

Zagayen nan shi ne ranarta. In sun zo gaban tela sai ta ɗaga hannun hagu, tela ya tsayar da keke ya miƙe tsaye ya ce, "Malama! Ya jiki?" Mai lemo ta ɗaga mata lemo ɗaya sama tana dariya. Mai faci ya sara mata da ƙarfen cire taya. Ta cikin gilashi ba ta jin rabin abin da suke faɗa, amma tana ganin bakinsu, su ma suna ganin hannunta, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin hagun. Ran da aka yi zagaye tana cin abincinta tas. Ran da ba a yi ba, sai an yi lallashi.

Matsalar ita ce tsohuwar motar. Ta tsufa har makaniki ya daina karɓar ladan aikinta, sai dai ya girgiza kai. Wata rana ta mutu musu a tsakiyar titi da zafin rana, Malama na ciki, sai da aka yi awa guda da rabi kafin a samu wanda ya kawo su gida. Ranar Kawu ya zauna a ƙofar ɗaki har dare. Da safe ya kira ni.

"Lauya, zan sayar da filin nan."

"Wanda ka ce na gina gida ne?"

"Shi. Zan haɗa da kuɗin sallamata in sayi mota sabuwa dal. Wadda ba wanda ya taɓa hawa. Ba zan sake tsayar da Malama a rana ba."

Ban yi gardama ba, abin da ba kasafai nake yi ba. Na ce dai in zai je, ya tafi da ni. Ya ce to. Sai ya tafi ran da nake aikin safe, don ya san halina.

Abin da ya faru a kamfanin sayar da motocin, daga baya na tattaro shi, guntu daga bakinsa, guntu daga takardu. Wani mai kwat da ƙamshin turare ya tare shi tun daga ƙofa, Baba sama Baba ƙasa, ya kawo masa ruwan sanyi. Kawu ya nuna motar da yake so, 'yar ƙarama fara. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar duba mai ya shafa a yatsa, ya saurari inji da kunne ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya karanta shekarar da aka buga tayoyi, ya taka birki, ya gwada giya ɗaya bayan ɗaya. Mai kwat ɗin da kansa ya ce bai taɓa ganin mai saye da ya san mota haka ba. Na yarda, don a wannan fannin Kawu ba ya da na biyu.

Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai buɗe ƙofar baya ya zauna ba. Shekara talatin da ɗaya kujerar baya ta mai gida ce, direba yakan goge ta, ya buɗe ƙofarta, ya rufe, amma ba ya ɗora jikinsa a kai. Kuma duk motar da ya taɓa tuƙawa a ofis gilashinta na baya baƙi ne wuluk, don manya ba sa son a gan su. Idonsa ya saba, har ya zama ba ya ganin baƙin. A wurinsa haka sabuwar mota take.

Da aka zo sa hannu sai farashi ya kumbura. Kawu ya tambaya a hankali, mai kwat ya ce ai 'yan ƙananan gyare-gyare ne da kamfani ke yi wa kowace mota kafin ta fita. Ga jiniyar ɓarayi, ga na'urar bin sawu, ga rigunan kujera, ga shimfiɗar ƙafa, ga wani mai da aka shafa wa fenti don sheƙi, ga baƙar ledar da aka liƙa wa gilashin baya. Ya ce duk an riga an sa, da su take zuwa. Kawu ya ce to, ya sa hannu a duk inda aka ɗora masa yatsa.

Da na dawo na karanta rasit ɗin, sai da kaina ya yi zafi.

"Kawu, wa ya ce a sa maka waɗannan?"

"Da su take zuwa."

"Ba da su take zuwa ba! Daga masana'anta tsirara ta zo, su suka yi mata kwalliyar da ba ka nema ba, suka ɗora maka. Man sheƙi! Kai da kake wanke mota sau biyu a rana? Har sunan kamfaninsu sun manna maka a baya, ka riƙa yi musu talla kyauta."

"Lauya, bari. Yaron nan ya girmama ni."

"Aljihunka ya girmama."

Ya yi dariya, ya ci gaba da goge madubi. Ni kuɗin ne ya tsaya mini a rai, kuma in faɗi gaskiya ni ma ban lura da gilashin ba. Na karanta shi a takarda, na yi masifa a kansa, amma ban kawo komai a raina ba. Duk iya bakina, a nan ni da Kawu jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ranar farko da aka fita da Malama a sabuwar mota, unguwa ta ɗauka. Kowa ya zo tagar direba yana yi wa Kawu murna, ana shafa bonet, ana Allah ya tsare. Ya dawo bakinsa har kunne. Malama ba ta ci abinci sosai ba, muka ce gajiya ce. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Kawu ya fara zargin ƙamshin sabuwar mota, ya bar ƙofofi a buɗe tun safe don ya fita.

Rana ta huɗu ina hutu, na ce zan bi su. Na zauna a baya kusa da ita. Daga ciki ana ganin waje, sai dai ya yi duhu-duhu kamar hadari ya haɗo. Muka zo kwana, na ga Malama ta ɗaga hannu ga mai lemo. Matar ta kalli motar, ta ɗaga wa Kawu hannu, ta ci gaba da jera lemonta. Hannun Malama ya daɗe a sama kafin ya sauka. Gaban mai faci ta sake ɗagawa, har da ɗan kaɗa yatsu. Ya kalli daidai inda fuskarta take, ya gyara hularsa a gilashin, ya juya. Nan take na gane ba sa ganinta.

Kafin in buɗe baki mun iso wurin tela. Ya taso ya zo tagar Kawu, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Baba, jikin Malama ne ya tsananta? Yau kwana huɗu ba mu gan ta ba. Jiya har muna cewa ko mu haɗu mu je gida."

Kawu ya waiwayo a hankali. Malama ta riga ta sauke hannunta ta tura shi ƙarƙashin gyale, ta kawar da kai. Tela ya leƙo ta tsakanin kujeru ya gan ta, ya rikice, ya shiga gaisuwa yana maimaitawa, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Muna isa gida ya fito, ya tsaya a waje daidai tagarta yana kallo, ba abin da yake gani sai fuskarsa. Ya ce, ba da ni yake ba, "Kwana huɗu tana gaishe su."

Washegari bayan la'asar ya shiga zai ɗauke ta, ta riƙe ƙarfen gado da hannun hagu, ta juya fuska bango. Kashegari ma haka. Abinci sai cokali uku. Na ɗauko reza na ce zan kankare ledar da kaina, Kawu ya riƙe mini hannu, ya ce akwai siraran wayoyi a jikin gilashin baya, in na yanke su na ɓata. Ya kira mai kwat a waya. Ina jin muryar daga inda nake: ai Baba an riga an sa hannu, kuma in wani ya taɓa gilashin a waje garanti ya tashi, kuma manaja ba ya nan, a kira jibi. Jibi aka ce gata. Kawu yana ta cewa to, to, amma wannan to ɗin ba irin wanda na sani ba ne.

Ran kwana na tara ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis ya ce, "Lauya, shirya ki raka ni." Na ce yau ake yinta. Muna tsakar gida ina haɗa takardu, sai muka ji ana buga ƙarfen gado da cokali. Muka shiga. Malama ta nuna gyalenta da ke rataye a ƙusa, ta nuna ƙofa.

"Malama, wurin da nisa, kuma za a jira," in ji Kawu.

Ta sake buga ƙarfen, sau ɗaya. Duk wanda ya zauna a ajinta ya san wannan kallon. Kawu ya ɗauke ta.

A kamfanin ya sami inuwa ya tsaya, ya bar inji a kunne don sanyi ya riƙa ratsa ta. Na shiga na sami mai kwat, na zazzage masa abin da na kwana tara ina tarawa. Na nuna masa takardar farashi ta farko da aka ba Kawu, babu ko ɗaya daga cikin kayan nan a jiki. Na ce ya nuna mini layin da ya ce garantin inji yana rataye da ledar gilashi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce bari ya ga ko manaja ya shigo. Ashe manaja yana ciki tun safe.

Manajan mutum ne mai jiki da fara'a, irin waɗanda ke yi maka dariya suna rufe ƙofa. Ya fito har wurin motar, ya ba Kawu hannu biyu, sannan ya jingina da ƙofar baya, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan gilashin. Daidai tagar Malama.

"Baba, an ce gilashin ne ba ka so. Wallahi ka ba ni mamaki. Mutane roƙo suke a sa musu irin wannan."

"Ranka ya daɗe, matata ce ba ta da lafiya. Ita nake fita da ita."

"To ai faɗuwa ta zo daidai!" Ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa. "Mara lafiya me ya fi masa wannan? Wa yake son a riƙa kallonsa a wannan hali? Ka ɓoye abarka, ka kai ta asibiti, ka dawo da ita, ba wanda ya gani bare ya yi surutu. Sutura ce muka yi maka, Baba."

Na buɗe baki, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa manaja, cikin ladabin nan nasa, "Ɗan matsa kaɗan, ranka ya daɗe." Ya kama murfin ƙofar ya buɗe, yadda ya buɗe wa manya dubban lokuta, ya koma gefe ya tsaya.

Malama na zaune tsakanin matasanta, gyale a kafaɗa, rabin fuskarta a sake, ɗaya rabin kuwa yana nan yadda muka san shi. Ta dube shi daga takalmi har hula. Manaja ya sauke hannu, ya gyara tsayuwa, dariyar ta bushe masa a fuska. Ya ce, "Sannu, Mama. Ban san kina ciki ba."

"Ai shi ne abin da ya kawo mu," in ji Kawu.

Manaja ya yi gyaran murya, ya ce akwai wata ledar mai haske-haske, ba ta kai wannan duhu ba, zai sa a canza kyauta.

"A'a."

Ni da Malama muka kalli Kawu tare.

"A'a, ranka ya daɗe. Ba mai haske ba, ba mai duhu ba. Gilashi nake so yadda aka ƙera shi. Ni ban nemi a liƙa ba, laifina shi ne ban duba ba. Ku kuka liƙa, ku za ku ɓare, yau, ina tsaye."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ta ban haƙuri ba. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye, na yi sauri na koma kan takardu don kada mai kwat ya gani. Tunda ƙofa ta buɗe na tura kai: aka cire jiniya da na'urar bin sawu, aka yarda za a mayar da kuɗinsu da na ledar. Man sheƙi suka ce ba a kankare shi, na bar musu. Rigunan kujera Kawu ya ce a bari, suna da sauƙin gogewa. Sunan kamfanin da ke baya har yau yana nan, kullum na gani sai na yi tsaki.

Aka ce a fito da Malama a kai ta ɗakin jira, ta riƙe madaurin kujera ta ƙi. Sai aka tura motar rumfar gyara tana ciki, aka rufe ƙofar saboda ƙura. Wanda aka kira dattijo ne mai furfura, da tsumma a kafaɗa, aikinsa ke nan liƙa leda da ɓare ta. Ba wanda ya gaya masa komai, an dai ce ya cire. Ya buɗe ɗaya ɓangaren ya gama da shi da na baya, yana aikinsa kansa a sunkuye, don ya ɗauka ba a son a kalli matar da ke ciki. Da ya zo tagarta, ledar ta ciki ake kama ta, sai ya zura hannu ta kujerar gaba, ya hura mata zafi, ya ɗago kusurwa, ya ja a hankali har ta fita ɗungurungum. Ya goge gam ɗin, sannan ya zagayo waje da tsummansa don ya duba ko ya bar tabo.

Ya sunkuya, ya goge, sai ga fuska tana kallonsa. Ya ɗan ja baya, ya cire hularsa, ya ɗaga murya yadda za ta ji ta cikin gilashi.

"Sannu, Mama! Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Malama ta daɗe tana kallonsa. Sannan hannun ya fito daga ƙarƙashin gyale, ya tashi a hankali har ya taɓa gilashin. Dattijon ya ɗaga nasa da tsumman a ciki, bai san abin da ya yi mana ba, ya ce wa Kawu kada a wanke da sabulu sai gobe.

Daga kamfanin zuwa gida tafiyar minti ashirin ce. Ran nan sai da muka yi awa biyu, don tun daga kwanar mai lemo ba mu sake yin taku goma ba a tsayar da mu ba.